'Yar ƙaramar sabar da na saya: batir ya huta, ni na sha kunya

Wata bakwai kenan da na sauke tsohuwar sabarmu ta tokunbo (saba ita ce kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ɗebo bayanai daga gare ta) na ɗora wagga 'yar ƙarama, kuma tunda ana ta tambayata ko a saya, ga abin da na gani. Ni ke kula da kwamfutocin wani kantin sari nan Birnin Kebbi, databes ɗinmu, wato rumbun bayanai, na manhajar MySQL ne, kaya da bashi da rasit duk suna ciki, kashiya shida ke shiga lokaci guda.

Tsohuwar mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) biyu ce, ƙara kamar injin markaɗe, ko tana zaune ba ta aikin komai mita na nuna mini wat 150 da ɗoriya, ga zafin da take fesowa sai an kunna mata esi, kun dai san Kebbi a watan Afrilu. Sabuwar kuwa wat 20 in tana zaune. Wallahi daren farko da aka ɗauke wuta na zo da safe na iske inbata bai ko yi kuka ba, sai da na sake duba ko na manta ban kunna ta ba. Janareta ya huta, Alhaji mai kantin har cewa ya yi Allah ya yi mini albarka.

To ranar jajibirin babbar Sallah ta kwance mini zani a kasuwa. Kanti ya cika maƙil, 'yan sari daga Jega da Argungu, ga Alhaji ya ce in fitar mai lissafin bashin shekara yanzu-yanzu. Ina dannawa komai ya tsaya cik. Rasit ɗin da ke fita cikin ƙiftawar ido ya koma sai an jira, kashiya na ƙwala mini kira, wani dattijo na cewa yaro in ba ku iya ba ku dawo da littafi mana, ni kuma gumi kawai nake kamar an watsa mini ruwa, minti ashirin muna haka.

Da dare na zauna na bincika. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da take aiki a ciki, gigabait 16 ne, databes ya fi ƙarfinsa, dole ta riƙa komawa SSD, ma'ajiyar dindindin da ba ta kai RAM sauri ba, tana ɗebo bayanai. Ga ta an saito ta kan tsimin wuta tun daga BIOS, wato saitinta na tushe, furosesa na gyangyaɗi sai an taso ta. Na ukun shi ya fi ba ni haushi, 'yar fankarta ta cika da ƙurar hunturu, da ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta. Mai sayarwar bai faɗa mini ko ɗaya ba, "tana ɗaukar komai" kawai ya ce.

Na ƙara RAM zuwa 64, na cire tsimin, na hure ƙurar. Yanzu lafiya lau, amma tana zaune kan wat 40, kuma kuɗin RAM ɗin sun cinye ribar dizal ta wata da watanni. Da na so in ce ku saya ido rufe, sai in tuna dattijon nan. Tsohuwar na nan ƙarƙashin tebur ban sayar ba, lissafin bashi kuma sai bayan isha'i nake fitarwa.