Raspberry Pi 4 don bin sawun intarof a kanel: ya yi, amma da sharaɗi

Ƴan uwa masu koyon kanel ɗin Linux (wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'urar) a nan Katsina, ga ra'ayina kan Raspberry Pi 4, ɗan allon kwamfutar nan da ya fito a 2019. Ni dai don ftrace da perf na saye shi, wato kayan bin sawu da auna aikin kanel, in ga yadda intarof (siginar da ke katse furosesa don ya kula da wani abu) ke shiga a furosesan ARM na Pi in gwada da laftof ɗina mai Intel, wato x86.

Wajen wuta ba magana, bolt 5 yake ci ta USB-C, fawa banki mai ƙarfi na riƙe shi ko an ɗauke wuta. Amma fa ku sa masa fanka, da zafin Afrilun garin nan yana rage gudu da kansa.

To inda abin yake shi ne, a x86 intarof na bi ta teburin IDT mai gurbi 256, wanda ke nuna inda kowane intarof zai nufa, kuma agogon APIC (mai sarrafa intarof a x86) na da wuraren bin sawu nasa daban, irq_vectors, can za ka ga local_timer_entry. Na duba a Pi babu su kwata-kwata, ashe na x86 ne kaɗai. A ARM agogon ta GIC, mai sarrafa intarof na ARM, yake shigowa kamar kowane intarof, sai ka gan shi a irq_handler_entry da sunan arch_timer. Duk sikirif ɗin da ka rubuta a laftof sai ka sake masa zubi.

Babban abin kuma NMI ne, wato intarof ɗin da ba a iya toshe shi. A x86 perf da NMI yake ɗaukar samfuri, shi kuwa ba ya jin toshewa, ko kanel ya rufe intarof zai leƙa ciki ya gaya maka inda lokaci ke tafiya. ARM64 ya samu wata dabara mai kama da ita tun Linux 5.1, amma sai da GICv3, shi kuwa Pi 4 GIC-400 gare shi, wato GICv2, ba ya ciki. Shi ya sa za ka ga samfura sun taru jingim a kan _raw_spin_unlock_irqrestore, inda kanel ke sake buɗe intarof, kamar shi ne mai cin lokaci, alhali bawan Allah ƙofa kawai ya buɗe, masu aikin na can baya ba a gan su ba.

Ga ɗalibi mai son ganin bambancin da idonsa, wallahi kuɗinsa sun halatta. Amma in aikinka farautar inda kanel ke daɗewa da intarof a rufe ne, kada ka dogara da perf a kansa, ka haɗa kanel mai irqsoff a ciki (ɓangaren ftrace mai auna tsawon lokacin da intarof ke rufe), ko ka nemi allo mai GICv3.