Gina LinuxCNC a sabuwar kwamfuta: a cikin folda ko fakitin deb?

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya. Ka ce tsohuwar kwamfutar injinka ta mutu, ka sa Debian 12 a sabuwa, kuma dole ka gina LinuxCNC, manhajar da ke sarrafa injin yankan naka, daga asalin kod saboda akwai 'yan gyare-gyaren da ka yi masa da hannunka, shin ka gina shi a cikin folda ka riƙa kunnawa daga nan, ko ka haɗa fakitin deb, wato fayil ɗin girkawa na Debian, ka girka? Duka biyun na yi, kuma kod ɗin da ke fitowa iri ɗaya ne, bambancin yana wajen zama da shi ne.

Ta farko ita ce wadda suke kira RIP, wato run in place, kunna shi a inda aka gina shi. Ka shiga src, ka buga ./autogen.sh, sai ./configure --with-realtime=uspace, sai make, sai sudo make setuid. Komai yana zaune a foldar nan, bai taɓa sauran sistem ba. Daɗinta shi ne sauri, in ka canza layi ɗaya make zai sake harhaɗa abin da ya shafa ne kawai, kafin ka gyara zama ya gama. Kuma kana iya ajiye folda biyu ko uku, ɗaya sigar 2.9 ɗaya reshen master da ake ci gaba da aiki a kansa, kowa da harkarsa. Amma duk taminal ɗin da ka buɗe sai ka fara loda scripts/rip-environment, in ka manta kuma akwai wani LinuxCNC da aka girka da apt, to wancan ne zai tashi ba naka ba, kuma ba zai ce maka uffan ba. Ni na taɓa ɓata yini guda ina gyara kod ina make ina mamakin me ya sa injin bai canza hali ba, ashe ba nawa nake kunnawa ba. Tun daga ranar sai na buga which linuxcnc na ga hanyar da ya nuna kafin in yarda da komai.

Ta biyu, deb. Ka buga debian/configure, sai dpkg-checkbuilddeps ya jero maka duk abin da babu, ka girka su, sai dpkg-buildpackage -b -uc. Wannan kam sai haƙuri, domin har littattafan bayani yake ginawa, kayan da yake nema ma sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ƙaramin gyara ma sai ka sake zagayen. Amma in ya gama ka samu fayil a hannu. Ka girka, ya shiga menu, duk wanda ya zo aiki da injin ya danna kawai ba ruwansa da taminal. Ka kwafi fayil ɗin a filas, ran da wannan kwamfutar ma ta bi 'yar'uwarta ba sai ka sake wannan wahalar ba muddin Debian ɗin iri ɗaya ne. Tarkonta guda, Debian 12 yana da nasa linuxcnc-uspace, ran da apt ya ga lamba mafi girma zai iya ɗora nasa a kan naka, gyaranka ya tafi. apt-mark hold ne maganinsa, shi ke hana apt sauya fakitin.

To ni dai a wurinka da RIP zan fara, in tabbatar gyaran yana aiki, sannan in haɗa deb don injin da ake yanka da shi kullum. Ba na son injin aiki ya dogara da folda da wani zai iya shiga ya yi git pull, wato ya jawo sabon kod, ba da saninka ba.

Sai dai akwai abin da ko wacce ka bi ba za ta ɗauke maka ba. In tsohon naka 2.8 ne, shi da Python 2 yake tafiya, 2.9 kuwa Python 3 ne, don haka duk wani ɗan sikirif da ka rubuta wa allon sarrafawa sai ka bi shi layi-layi. Fayilolin comp naka ma, wato ƙananan sassan da ka rubuta wa LinuxCNC, kar ka kwaso ginannu daga tsohon faifai, ka sake su da halcompile, a deb sai ka sa linuxcnc-uspace-dev da sudo, a RIP ba ya buƙata.

Sai kanel, wato zuciyar Linux, wanda shi ne mutane suka fi tuntuɓe a kai. Kod zai ginu lafiya lau a kan kanel na gama-gari, har ya buɗe, amma ba don injin gaske ba. Buga uname -a, in ba ka ga PREEMPT_RT ba, wato alamar kanel mai amsawa a kan lokaci, to ka girka linux-image-rt-amd64 ka sake kunnawa. Sannan latency-test, gwajin da ke auna jinkirin kwamfuta, ka bar shi awanni kana buɗe bidiyo kana kwafar manyan fayiloli. Sabuwar kwamfuta ba lallai ta fi tsohuwa ba a nan, dabarun adana wuta na BIOS kan jawo jinkiri. In katin sarrafa inji na Mesa mai Ethernet gare ka da sauƙi tunda katin ne ke fitar da bugun motoci, in kuwa parallel port ne jinkirin shi zai yanke maka iyakar gudu. Wanne kake amfani da shi? Turo lambar da gwajin ya ba ka, kuma gwajin farko ka yi shi ba ƙarfen yanka a baki, hannunka a kan maɓallin tsayawar gaggawa.