Ƙululun Itace Don Ƙotar Wuƙa: A Busar Da Shi Guda Ko A Yanka Tukuna?

Ana yawan tambayata wannan. Barin ƙululu guda ba wahala, amma sai haƙuri: ƙa'idar masassaƙa ita ce kusan shekara 1 ga kowane inci na kauri, kuma ƙato yakan tsage ta ciki ba ka sani ba.

Yanka shi ɗanye kuwa aiki ne. Ka fitar da gunduwoyi da suka ɗan fi ƙotar girma, domin za su motse su karkace, ka shafe su da kakin zuma, ka jera a inuwa nesa da iskar hunturu. Riƙa aunawa, in nauyi ya daina raguwa, sun bushe.

Mai yin wuƙaƙen sayarwa, yankawa ta fi masa. Wanda bai yanke shawarar abin da zai sassaƙa ba, ya bar shi guda.