Ruwan famfo a Damagaram: hidima ta inganta, amma ragamarta tana Yamai

Duk wanda zai yi wa hidimar ruwan famfo ta birnin Damagaram adalci, wajibi ne ya fara duba ƙasar da garin yake zaune a kanta. Manyan duwatsun da ake gani a Birni da kewayenta ba a sama kawai suka tsaya ba, haka suke shimfiɗe a ƙarƙashin gari, shi ya sa ake haƙa rijiya mai zurfi a tarar da dutse maimakon ruwa. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kuma kusan dukansa yana sauka ne cikin watanni uku. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar sa'ad da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mayar Yamai a 1926. Saboda haka ruwan da ke fitowa a famfon Zango ko na Sabon Gari baƙo ne, daga nesa ake turo shi.

Tsofaffin rijiyoyin da garin ya daɗe yana dogaro da su su ne na Gogo da Machaya a kudu, waɗanda ruwansu ya danganta da abin da damina ta bari a cikin rairayi. Idan damina ta yi gardama, su ma sai su ja baya. An ƙara da na Arunguza a arewa, waɗanda aka faɗaɗa da taimakon ƙasar Sin a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, sannan a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou aka jawo ruwan Ganaram daga can hanyar Tanut. A ganina aikin Ganaram shi ne ya fi sauya rayuwar gari, domin wanda ya san Damagaram kafin zuwansa ya san lokacin da layin jarkoki a bakin famfo yake kwana ya wuni.

Ta fuskar inganci ba ni da ƙorafi mai yawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, yana zuwa garau a yawancin lokuta, kuma idan aka ji ɗan warin maganin tsabtace ruwa, alama ce ta cewa an sa maganin, abin da ya fi zama kwanciyar hankali ga mai ƙananan yara fiye da ruwan tafki. Farashi ma abin yabo ne, kuma a nan amfanin riƙon gwamnatin ƙasa yake fitowa fili: kuɗin ruwa ɗaya ne a dukan biranen Nijar, wanda ke bakin kogin Kwara da wanda ake turo wa ruwa daga nisan kilomita masu yawa duk abu guda suke biya. Da a ce Damagaram za ta ɗauki nauyin tsadar ruwanta ita kaɗai, da gidaje kaɗan ne za su iya. Shekaru da dama ana sayar da lita 1,000 a kan sefa 127 ga gidan da bai wuce lita 10,000 a wata ba, wato jarka mai lita 25 ba ta kai dala ɗaya (sefa biyar) ba.

Sai dai wannan rahusa ta mai famfo ce a cikin gida, kuma a ranar da famfon ya kawo ruwa. Daga watan Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ya tsananta kuma buƙata ta ninka, unguwannin da ke kan tudu da waɗanda ke ƙarshen bututu, irin su Garin Malam da Kara-Kara, su ne suke fara rasawa, kuma sau da yawa sai tsakar dare ruwan yake isa gare su. A irin wannan lokaci ƴan ga-ruwa ne suke riƙe da gari, kuma jarkar da ba ta kai dala ba a takardar kamfani takan koma dala biyar, dala goma, har fiye. Ba na zargin mai tura kura a cikin rana, guminsa yake ci. Abin da ke ci mini rai shi ne talakan da bai da halin jawo famfo shi ne yake sayen ruwa mafi tsada a garin. Ga kuma wutar lantarki: injunan da ke turo ruwa da ita suke aiki, kuma an ga hakan ƙarara bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023.

Wa ke da alhakin gyara? Amsar ba ta da sauƙi, kuma a nan ne nake ganin raunin hidimar yake. Tun garambawul na 2001 aka raba aikin ruwan birane gida biyu: kamfanin gwamnati SPEN mai mallakar rijiyoyi da manyan bututu da neman kuɗin sababbin ayyuka, da kamfanin SEEN mai rarraba ruwa da karɓar kuɗi, wanda kamfanin Veolia na Faransa yake da kaso mafi girma a cikinsa, har zuwa ƙarshen 2023 da kwangilar ta ƙare, kamfanin gwamnati NDE ya gaje shi. Dukansu hedikwatarsu tana Yamai, kimanin kilomita 900 daga nan. A ɗaya ɓangaren, dokar ruwa ta 2010 ta amince da rawar ƙananan hukumomi, kuma a 2016 an miƙa musu da majalisun jihohi wasu ayyuka a fannoni huɗu, ilimi da lafiya da muhalli da ruwa, amma abin da ya shiga hannunsu galibi ruwan karkara ne. Sakamakon haka, idan ruwa ya ɗauke, gwamna da ma'aikatar magajin gari da fadar Sarkin Damagaram ne jama'a suke kai wa kuka, alhali kasafin da zai ƙara rijiya ko ya sauya bututu a wani wuri ake yanke shi. Tun da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun a 2024 aka naɗa kantomomi, umurni ya fi saurin sauka daga sama, amma ɗan majalisar unguwa da ake iya tarewa a ƙofar masallaci a tambaye shi babu shi.

Inda rashin haɗa kan ya fi bayyana shi ne wajen yanka filaye. Hukumar gari takan fitar da sababbin unguwanni, mutane su sayi fili su gina, sannan a tuna cewa bututu bai je can ba, kuma babu wanda ya lissafa ko rijiyoyin za su iya ɗaukar ƙarin bakuna, a garin da ƙidayar 2012 ta nuna ya haura mutum 300,000. Haka kuma kiyaye yankunan da ake ɗibar ruwan, musamman Gogo da Machaya, daga zaizayar ƙasa da cikewar madatsu da rairayi, aiki ne da ba ya yiwuwa sai da ƙananan hukumomi da hakimai da manoman wurin, waɗanda ya kamata su ma su sha daga ruwan da ke ratsa gonakinsu zuwa birni. Akwai kuma abu mai sauƙi da ba ya buƙatar rance daga kowace ƙasa: idan ruwan bazara ba zai ishi kowa a lokaci guda ba, kamfani da hukumar gari su zauna su tsara jadawalin unguwanni, a sanar da shi a gidajen rediyo da Hausa, a kuma cika shi, don uwar gida ta san daren da za ta tari ruwa da daren da za ta yi barci.

Hukuncina shi ne hidimar tana da kyau daga damina zuwa ƙarshen sanyi, tana da rauni a bazara, kuma darajarta ta danganta ƙwarai da unguwar da mutum yake. Wanda zai kama haya ko ya sayi fili a Damagaram, kada ya tsaya ga ganin famfo a tsakar gida. Ya tambayi maƙwabta yadda ruwa yake zuwa a watan Afrilu da Mayu, ya duba ko gidan yana da tanki, kuma ya sa kuɗin ga-ruwa na watanni uku cikin lissafinsa kafin ya biya.