Na'urar ɗaga kaya a bayan a-kori-kura: ta hannu ko ta batir?

Masu Hilux a nan Tahoua sun dame ni da tambaya ɗaya: wacce za su ɗaura a bayan mota, wadda ake bugawa da hannu kamar jak, ko mai aiki da batir?

Ta hannu ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma in ta fara yoyon mai, kowane bakanike zai canza mata roba. Sai dai tana cin ƙarfi. Ɗaga duro ɗaya na lita 200 ba komai ba ne, amma a jera maka goma a zafin watan Afrilu, za ka yaba wa aya zaƙinta.

Ta batir kuwa maɓalli kawai za ka danna. Tana jan wuta daga batirin mota mai bolt 12, don haka a bar injin a kunne, in ba haka ba a kwana a dajin Abalak. Ga ƙura ba ta raga wa wayoyinta.

Wurin ɗaurawa ne mutane ke ganganci, kuma nan duk ɗaya suke. Kada mai walda ya liƙa ta a kan falankin bodi, ƙarfen bai da kauri, zai yage. A sa faranti mai kauri, a ɗaure da kusoshi har jikin shasi. Kuma duk yadda hannunta ya ƙara miƙewa, nauyin da take iya ɗauka raguwa yake.

Mai ɗaukar janareto ko injin ban ruwa jefi-jefi, ta hannu ta ishe shi. Wanda lodi ne sana'arsa kullum, kuma ba shi da yaran mota, ya daure ya sayi ta batir.