Yaya, ga labarin ƙwallon da ba a nuna muku a talabijin

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya kai da iyali, kuma jikin Inna ya yi sauƙi.

Ka dame ni da tambayar yaushe zan turo maka hotona a filin Arsenal. To gaskiya har yau ban taka ba, kuma ba rowa ce ta hana ni ba. Tikitin manyan ƙungiyoyin firimiya ba a zuwa bakin ƙofa a saya. Sai ka fara biyan kuɗin zama mamba na shekara, sannan ka shiga layi a intanet ko a yi ƙuri'a, in ka dace kuɗin kujera ɗaya ya isa cefanen mako. Sauƙin da na sani shi ne na magoya bayan da suka bi ƙungiyarsu waje, wanda tun 2016 aka ƙayyade kada ya wuce fam 30, shi ma tsofaffin hannu ke kwashewa.

Abin da zai ba ka dariya, kai da kake gida ka fi ni ganin firimiya. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Tsohon tsari ne tun shekarun 1960, an yi shi ne don kada mutane su miƙe ƙafa a falo su bar ƙananan ƙungiyoyi suna wasa da kujeru. Da farko haushi ya ba ni. Daga baya shi ya kora ni filin Valley Parade na Bradford City, inda abokin aikina ya ja ni wata Asabar da ba mu da abin yi.

Lokacin suna League Two, wato mataki na huɗu. Na tafi da zaton zan tarar da 'yan tsiraru suna hamma. Ashe ba haka ba ne, mutum ake gani ba masaka tsinke, wajen 17,000, a wasan da babu ɗan wasa ko ɗaya da ka taɓa jin sunansa. Ka kwatanta da Bournemouth da kake gani a firimiya, a lokacin filinsu bai kai mutum 12,000 ba. Dabarar Bradford ba ɓoyayya ba ce. Tun 2007 suka karya farashin tikitin kaka guda, suka gwammace fili ya cika da araha a kan 'yan kaɗan su biya da tsada. Wanda ya biya tun bazara yana da wasa 23 a gida, ko ƙungiya na ci ko tana shan kashi zai zo, don ya riga ya biya. Na rana ɗaya kuwa fam 20 da 'yan kai na ba da.

Wani dattijo ne ke zama kusa da ni, da butar shayinsa da bargo a cinya. Ya ce tun yana yaro mahaifinsa ke kawo shi, kuma yana cikin filin ranar 11 ga Mayu 1985 da gobara ta tashi ta ci mutum 56. Bai ƙara komai a kai ba, ya zuba mini shayi a murfin butar. Tun daga fara wasa har a tashi zagin masu tsaron bayan ƙungiyar yake yi, amma bai taɓa fashi ba. Ranar ƙarshe ta kakar 2025, da aka ci Fleetwood ɗaya da nema a minti na 96 aka haura League One, wato mataki na uku, sama da mutum 24,000 ne a filin. Matasa suka ɓalle suka cika tsakiyar fili, shi kuwa yana zaune hawaye na bin kumatunsa, shayin ya zube a bargon bai ma sani ba.

Tun da aka buɗe filaye bayan korona 'yan kallo suka ƙaru a ƙananan rukunai. Wasu kewa ce ta dawo da su, wasu irina tsadar firimiya ce ta koro su. Akwai kuma abin da ba ka samu a sama: nan babu VAR, in ƙwallo ta shiga raga ka yi ihunka ba jiran na'ura, kuma filaye da yawa har yanzu suna da wurin tsayuwa.

Sai dai kada jimilla ta ruɗe ka. Manyan da suka faɗo ƙasa ne ke kumbura lissafin. Sunderland na mataki na uku ta tara mutum 46,039 washegarin Kirsimetin 2018, da Bradford ɗin ma suka yi. Wrexham kuma labarinta daban ne. 'Yan fim biyu, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, suka saye ta a 2021, aka yi ta nuna ta a talabijin, ta haura sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, har daga Amurka ake zuwa kallo. Wannan ai ruwa ne ya zo da iska, ba kowa zai samu ba. Na je Accrington sau ɗaya, mutum 2,000 da ɗoriya ne, har kana jin abin da mai tsaron gida yake faɗa wa 'yan bayansa. Garuruwan da ke gindin Manchester su suka fi shan wuya, don yaransu rigar City ko United suke sawa. Bury da aka kafa a 1885, bashi ya sa aka kore ta daga gasa a Agustan 2019, Macclesfield ta rushe shekara guda bayanta.

Ta fannin hidima, abin da ya fi burge ni shi ne lokaci. Tun watan Yuni ake fitar da jadawalin kaka gaba ɗaya, ƙarfe 3 kuma ƙarfe 3 ce. Yanzu ne ma da tashar talabijin ta Sky ta zuba fam miliyan 935 na shekara biyar daga 2024 aka fara ɗaga wasu wasannin zuwa 12:30 ko dare, dattijon nan kullum sai ya yi mita a kai. Abincin fili kuwa ban yaba ba, tsada ga rashin ɗanɗano, kuma sai ka tambaya ko halal ne, don haka a gida nake cika cikina. Sanyin Janairu ma ba a magana, safa biyu nake sawa.

Rigar da ka ce in sayo maka, ta Arsenal ta asali ta haura fam 80. Ta Bradford ta fi araha nesa ba kusa ba, ja mai duhu ce da ratsin ruwan ɗorawa. Ka faɗa mini wadda kake so kafin mai tahowa ya ɗaure kayansa ƙarshen wata. A gaida Inna da yara.

Ƙaninka.