Ƙugun roba ko cikakken mutum-mutumi: amsa ga Dakta

Wa alaikumus salam Dakta, ƙanwata. Tsakanin ƙugun roba da cikakken mutum-mutumi mai lantarki da kika ce an kawo miki farashinsu don koya wa ɗaliban likitanci duba mata, ki ɗauki ƙugun. In kuɗin ya kai, ki sayi biyu ko uku.

Nawa da kuɗin aljihuna na saya, kuma har yau shi nake ɗora wa ɗalibai a kan tebur kafin su shiga kilinik ɗin mata. Daga cibiya zuwa cinya ne kawai, ba kai ba ƙafa, amma ana buɗe cikinsa a canza mahaifa: lafiyayya mai kallon gaba, wadda ta kwanta baya, mai ƙari, da mai ƙulli a gefe wajen ma'ajiyar ƙwai. Bakin mahaifar ma kala-kala ne, har da na wadda ta taɓa haihuwa da mai alamar sankara. Sai in canza a ɓoye, in rufe, in ce wa ɗalibi ya sa yatsu biyu ciki, ɗaya hannun a kan mara, ya faɗa min abin da ya ji. A nan ake gane wanda ya haddace littafi da wanda hannunsa ya fara gani.

Akwai wani yaro, hafizi ne, mai kunya ƙwarai, ranar farko sifekulum ɗin Cusco, abin da ake buɗe gaban mace da shi don a ga bakin mahaifa, har karkarwa yake a hannunsa. Yakan buɗe shi tun bai gama shiga ba, wajen fitarwa kuma ya rufe shi a kan bakin mahaifa. Da mace ce da ta yi ihu, kuma da ba za ta sake yarda a duba ta ba. A kan roba kuwa sai na ce sake, ya sake, har hannunsa ya san cewa a rufe ake shigar da shi, a karkata shi ƙasa wajen baya, a buɗe a hankali, kuma ba a barin sa ya rufe sai ya wuce bakin mahaifa. Bayan ya fara aikin hawus, wato aikin horo na sabon likita, wata sista ta ce min matan da ya duba ba sa ƙorafi. Na ji daɗin wannan magana fiye da makin da ya ci a OSCE, jarrabawar gwajin aiki da hannu.

Ke ma kin san halin da muke ciki a Zariya. Mace ta taso daga Giwa ko Soba ta zo asibitin koyarwa na Shika da sassafe, ta ga ɗalibai maza sun kewaye gado, ta ja mayafi ta ce a'a, kuma haƙƙinta ne. Wata ma sai an kira maigida. Haka ɗalibi zai gama zagayen sashen mata bai ga bakin mahaifa da idonsa ba sai a hoto, alhali sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya, bayan ta mama. An fara ba 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan sankara, a 2023, amma iyayensu mata har yanzu gwajin bakin mahaifa na Pap ko na ruwan khal ne zai cece su, kuma duka biyun sai wanda ya iya sa sifekulum. Duba mace tana cikin maganin barci a tiyata ba da izininta ba kuwa ba hanyar koyarwa ba ce.

Shi mai lantarkin, na ba shi haƙƙinsa: don atisayen haihuwa, zubar jini bayan haihuwa ko jijjiga, inda ake son likita da ungozoma da mai ba da maganin barci su yi aiki tare, yana da amfani. A wani wuri da na yi aiki na sa hannu aka saya, wuta ta ƙona masa wani abu a ciki, ga shi can an lulluɓe shi da zanin gado. Ko da lafiyarsa ƙalau, ɗalibi ɗaya ke taɓawa, saura na kallo.

Abin da roba ba ta yi shi ne jin zafi da jin kunya. Ba za ta zabura ba in an motsa bakin mahaifa, alamar da muke nema in ciki ya zauna a wajen mahaifa ko in akwai ciwon mara mai ƙwayoyin cuta. Don haka nakan zaunar da wata sista a wajen kai a matsayin majinyaciya, a rufa zani ya haɗe ta da ƙugun. Ɗalibi ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya yi bayani da Hausa, ya nemi izini, ya kira mace ta tsaya a ɗakin, ya ce wa majinyaciyar ta je ta yi fitsari tukuna. In ya yi gaggawa sista ta ce wayyo. Da yawansu a nan suke tuntuɓe, don Turancin ya zauna amma ba su san yadda za su faɗa wa sa'ar mahaifiyarsu cikin ladabi ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan kwangila. Za su turo miki hoton na kamfanin Limbs & Things ko samfurin ZOE na kamfanin Gaumard a WhatsApp, ranar kawowa ki ga kwaikwayo, ko ma filastik mai tauri irin na nuna sassan jiki a aji, wanda sifekulum ba ya shiga. Kada ki biya duka sai kin buɗe kwali, kin ƙirga mahaifun da bakunansu, kin sa safar hannu kin gwada da kanki. Ki tambayi inda za a samu fatar canji, don ita ke fara yagewa, kuma a rubuta a takarda.

In ya iso, a yi amfani da man santsin da kamfanin ya ce kawai, ban da basilin, ban da biro da aidin don tabonsu ba ya fita. A ajiye shi cikin jakarsa nesa da taga saboda zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Makullin kuma kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya, a bar ɗalibai su riƙa shiga da yamma.